Shekarar da Na Binne Geron Babana

Ni dai ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani shi ne wanda ke kwance a ƙasan dutsenmu, tsakanin Roni da Kazaure, wanda in bazara ta yi tsanani yakan janye ya bar laka tana tsagewa kamar faso a dunduniya. Amma ɗana ya taɓa nuna min a waya, wai can bakin teku akwai mutanen da ke baro gidajensu su zauna kan duwatsu da madubin hangen nesa, suna kallon shaho da shirwa suna wucewa. Na ce da shi, “Su me suke shukawa?” Ya ce ba sa shuka komai, kallo ne kawai. Na ce to, Allah ya ba su abin yi. Mu in mun ɗaga kai sama, tuwonmu muke dubawa.

Ba zan kama sunan ɗan nan ba, na fari ne. Sauran ma a bar kowa da sunansa. Wanda ya san garinmu ya san da wa nake.

Kowa ya san shamuwa. Yaro ma in ya gan ta a kan kuka zai ce damina ta zo. Sai dai shamuwa ba ta da amfani ga mai binne, don kafin ta iso ruwa yana dab da bayanta. Binne kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne ka zuba irinka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ka rufe, ka bar shi yana jira. In ka dace, ruwan farko ya same shi a kwance, geronka ya riga na kowa fitowa, ya riga na kowa nuna, ka ci sabo lokacin da maƙwabta ke sharar gindin rumbu. In ka yi gaggawa kuma, tururuwa ta kwashe, zabi su tone, ko wani yayyafi maras kunya ya zo ya tsirar da shi ya tafi abinsa, rana ta ƙone. Kowa a tsorace yake yin binne, ban da gidanmu.

Babana masu farce yake dubawa. Kafin shamuwa ta motsa, akwai ayarin da ke tasowa daga kudu: shirwa ce mafi yawa, shaho jefi-jefi, da wasu ƙanana masu jan fiffike da ke bin fara, wani lokaci da gaggafa ɗaya can sama kamar ba tare ake tafiyar ba. Bakin ruwan nan suke biyowa. In sun iso kan dutsenmu da hantsi, dutsen ya ɗau zafi, sai su yi ta kewaye suna hawa, ba mai kaɗa fiffike, har su koma kamar kanwa baƙa da aka watsa a faifai, sannan su miƙe arewa wajen Babura su haye Nijar. In suka yi haka kwana uku a jere, sai Baba ya ƙirga Juma’a biyu ya ɗauko sungumi. Ban ce bai taɓa saɓawa ba, ruwa na Allah ne. Amma a tsawon rayuwarsa ba mu taɓa yin shuka biyu ba.

Yadda aka yi abin ya faɗo hannuna kuwa, idonsa ne ya dushe. Ina ’yar shekara tara ko goma, ban ma fara ɗaura zani a ƙirji ba. Yayyena maza ba su da haƙurin zama kan dutse mai zafi, su a ba su danƙo su bi kurciya. Sai ya kama hannuna muka hau. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce, “To, me kika gani?”

Na ce, “Shirwa, Baba.”

Ya ce, “Na ji kukanta ai, kunnena bai mutu ba. Wannan ’yar gari ce, ɓarauniyar ’yan tsakin uwarki. Ɗaga kanki sama da ita.”

Na ɗaga har wuyana ya ƙage. Na ce babu komai. Ya ce to mu sauka. Haka muka yi ta yi kusan wata guda, kullum in dawo da ciwon wuya, Inna tana faɗan wa zai yi mata surfe. Ran nan sai na ga wani ɗigo, na ɗauka idona ne. Sai ya zama biyu. Kafin in buɗe baki sama ta cika. Na fasa ihu, na ce, “Baba, ga su nan, ba sa ƙirguwa!”

Ya ce, “Kina jin kukansu?”

Na saurara. Shiru, sai iska.

Ya ce, “To su ne. Ki riƙe wannan ko kin manta komai. Wadda ta yi kuka tana da abin da take rigima a kai a ƙasa. Masu wucewa ba sa kuka, ba sa sauka, ko kallonmu ba sa yi.”

Da muka sauko, dattawa na zaune a inuwar masallaci. Suka ce, “Malam, yaya dutse?” Ya tura ni gaba, ya ce, “Ku tambayi ’yar nan, idona yana wurinta.” A gaban maza masu furfura ya faɗi haka, ko a jikinsa. A lokacin ban ga wani abu a maganar ba sai daɗin an nuna ni. Sai da na tsufa na gane abin da ya yi, lokacin kuwa ganewar ba ta da amfani.

Abu na biyu da ya bar min shi ne iri. Gero ne mai gashi, mu gargasa muke ce masa, wurin babansa ya gada. Zangarniyarsa ba ta da tsawo, amma duk jikinta tsinke ne, tsuntsuwar nan jan-baki in ta sauka sai ta tashi da yunwarta. Sussukarsa azaba ce, ƙaiƙayinsa har cikin kunne, shi ya sa yayyena suka watsar da shi tun Baba na raye. Amma a dama furarsa a tsakar gida, mai wucewa ta bayan katanga sai ya yi sallama. Da ajali ya matso, Baba ya sa aka ɗauko tulun irin, wanda ake cakuɗa tsabar da toka a liƙe bakinsa da laka, ya ce a ba ni. Ya ce, “Rabi a ƙasa, rabi a tulu. Ko annabin tsuntsaye ne ya sauko ya ce miki gobe ruwa, kada ki juye tulun nan duka.”

A garin aka aurar da ni, gidan da ke gindin dutsen. Maigidan, Allah ya jiƙansa, ya yanka min gayauna a bayan dutse inda ba gonar kowa kusa, a nan nake shuka gargasata. Bai taɓa hana ni hawa ba. Yakan ce, “Ni na auri mata, na auri dutse, na auri shirwa, sadaki ɗaya.” Shekara ta fi arba’in, in bazara ta raba, maza ke zuwa ƙofar gidanmu su yi sallama da mace. “A tambayi Iya, sun wuce?” Maigari ma aikowa yake. Mutanen Gwiwa in sun zo cin kasuwa sukan ratso su ji. Ni da ban san alif ba, bare boko, malamai na jiran bakina kafin su ɗauki sungumi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin nan fiye da yadda na ji daɗin haihuwa.

Irin kuwa ban taɓa ba kowa ba. Ina da ƙanwa da aka kai Kanya Babba. Wata shekara ta zo wankan gida, za ta koma, ta tsuguna gaban tulun ta ce, “Yaya, ko tafi ɗaya ki sam min, in shuka a bayan ɗakina, in riƙa jin ƙanshin gidanmu.”

Na ce, “Ƙasarku yashi ce, ba zai yi ba.”

Ta ce, “Gero ne fa, Yaya. Gero yashi yake so.”

Na ce, “To ni aka ba.”

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce, “Allah ya bar miki shi.” Ba ta ƙara roƙo ba. Duk kaka ina aika mata da kwano biyu ko uku, kada a ce na yi rowa. Amma sai na surfa shi tukuna. Kowa na ba, surfaffe nake ba shi, don surfaffen gero ba ya tsira. Wannan dabarar tawa ce, ba Baba ya koya min ba.

To, sai ido ya fara. Da farko allura ce ta gagara, na ce zaren yanzu ne ba shi da kyau. Sai fuskoki suka fara haɗewa, na koma gane mutane da murya da takun ƙafa, ba wanda ya lura, don ni dama mai riga mutum gaisuwa ce. Yanar ido ce ta rufe shi, irin ta Baba. Shekara biyu na lallaɓa, in na kare rana da tafin hannu ina ɗan tsinkayar ɗigon. A ta uku, sama ta zama kamar kindirmo a ƙwarya.

Shekarar kuwa ta zo a kan gaɓa mara kyau. Daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba, abin da na iya warewa na iri bai wuce kwano biyu ba. Shi ke nan abin da ya rage na gargasar gidanmu a duniya.

A shekarar ne kuma ɗan nan nawa, da ke aiki a sakatariya a Kazaure, ya gina gidan kaji a ɗaya gefen dutsen, irin fararen kajin nan da ba su san tsaba ba sai buhu. Zafin bazara ya shiga kashe su. Kullum da safe sai a kwashi matattun a watsa a kwazazzabon da ke gindin dutse. Na san da wannan. Warin ma kaɗai ya isa ya sanar da ni.

Na yi ta hawa da sandata. In zauna inda Baba ke zama, in ɗaga kai, in ga fari fat. In sauko, maza a inuwar masallaci su ce, “Iya, barka da saukowa. Yaya dutse?” In ce tukuna. Mako ɗaya, mako biyu. Sai tsoro ya kama ni, kada su wuce ta kaina ina zaune kamar kututture. Jikoki gare ni mata cike da gida, kowace da ido kamar na zomo. In na kama hannun ɗaya na ce zo ki duba min, shi ke nan. Amma na san kafin azahar gari ya ɗauka, Iya ta makance. Sai in ce gobe, ƙila goben ido ya washe.

Ran nan da hantsi ina zaune sai na ji inuwa tana gilmawa ta kaina, ɗaya bayan ɗaya, har ina jin sanyinta a fata. Da yawa. Ga kuka ta ko’ina, wannan siririn kukan nasu mai karkarwa, ga faɗa, ga fiffike yana bugun fiffike. Wallahi na ji muryar Baba a kunnena kamar yana zaune kusa da ni. Na sani. Kada wani ya ce ruɗewa na yi. Na san masu wucewa ba sa kuka. Amma na gaji da cewa tukuna, na gaji da jin yadda maza suka fara yin shiru bayan na faɗa. Na sauko, suka ce, “Iya, yaya dutse?”

Na ce, “Sun fara.”

Washegari na ce sun ƙara. Rana ta uku na ce a ƙirga Juma’a biyu.

Juma’ar farko ɗan nan ya zo a kan babur ɗinsa. An sauko daga masallaci, maza sun taru a ƙofar gidanmu ana maganar binne, ni ina daga bakin zaure. Ya durƙusa ya gaishe ni. Da a ɗaki ya same ni ya yi maganar, ƙila da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma ’yan boko ba su san ɗaki ba. A nan gaban mutane ya ce, “Iya, Allah ya huci zuciyarki, ina ganin shirwar nan ba matafiya ba ne. Mushen kajina suke bi. Kuma a rediyo an ce ruwan bana zai yi jinkiri.”

Wani tsoho ya yi tari.

Na ce, “Rediyon a wace gona yake noma?”

Aka yi dariya. Ya ce, “Iya, ni da idona na gan su suna sauka a kwazazzabo.”

Da idona. Kamar ya san inda zai soka. Na ce, “Kai da idonka? Idon da sai an ɗora masa gilashi kafin ya gane baƙi a takarda? Ina kallon tsuntsayen nan tun ubanka bai san inda kasuwar Roni take ba. Kai ka tsaya wurin kajinka da ba su san uwarsu ba.”

Dariya ta ƙaru, har da masu tafa hannu. Wani ya ce, “Malam, ka taɓo wuta.” Shi bai yi dariya ba. Kansa na ƙasa ya ce, “To Iya, na ji. Amma don Allah irin Kaka, ko rabi a ajiye.”

Maganar Baba ce, kalma da kalma, ni na koya masa ita yana yaro. Amma ta fito daga bakinsa a gaban maza, bayan ya ƙaryata ni. In na ajiye rabi, an ce Iya ma tana shakka. Na ce, “Wanda ba shi da tabbas shi ke ajiye rabi.”

Juma’a ta biyu na fasa lakar bakin tulun. Na sheƙe tokar a faifai. Na sa aka sara min gayauna da sungumi, ina bi da ƙoƙo, ina laluben ramin da yatsan ƙafa, in zuba, in rufe da dunduniya. Da na kai rabin gonar, kwanon farko ya ƙare. Na tsaya. Ba kowa a wurin sai mai saran, shi kuma ya yi gaba. Da na juya na mai da kwano ɗaya cikin tulu, ba mai sani sai Allah. Na daɗe a tsaye. Sai na tuna tarin tsohon nan, na ɗebo na biyu.

Gidaje da yawa sun bi ni sun yi binne. Su da yake ba ’ya’yan Baba ba ne, sun bi maganar Baba, kowa ya ajiye rabi.

Kwana huɗu sai hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwa, ba mai yawa ba, wanda zai kwantar da ƙura ya jiƙa ƙasa tsawon yatsa. Mata suka yi guɗa, aka riƙa shigowa ana min barka. Har ni na fara yarda da ƙaryata. Na ce ashe Allah yana rufa asirin tsofaffi. Gero ya tsira. Ban gan shi ba, da hannu na shafa shi, layi-layi, laushi kamar gashin jariri.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Mako ɗaya, mako biyu, ko gajimare. Rana ta fito da irin zafin da ke sa ƙadangare ɗaga ƙafa. Na shiga ɗibar ruwa da tulu daga bakin ruwan nan ina hawa da shi bayan dutse, ina bi da buta gindi-gindi. Tsohuwa tana ba gero ruwa da buta! Na ji matasa suna ƙus-ƙus in na wuce. Ɗan nan ya turo ’yan garuwa kwana biyu, ni ban ce ya turo ba, ban kuma kore su ba. Amma wa ya taɓa shayar da gona da garwa? Ka zuba nan, kafin ka kai can nan ya bushe. A mako na uku na shafa layin na ji yana murmushewa a hannuna kamar tsohuwar tabarma.

Ina durƙushe a wurin, da hantsi, sai ga wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ratso ta hanyar bayan dutse. Ta ce, “Sannu, Iya. Kai, yau kam tsuntsayenki sun yi yawa! Tun daga bakin ruwa nake kallonsu, har ƙwaryata ta kusa faɗuwa.”

Na ce, “Ina?”

Ta ce, “Ga su nan bisa kanki, Iya. Sama ta cika. Ba ki gani ba?”

Na saurara. Shiru, sai iska.

Na ce, “Na gani.”

Juma’a biyu bayan nan aka yi ruwan shuka, irin wanda ke kwana yana zuba, kwazazzabo ya cika ya tafi da ƙasusuwan kajin. Lissafin Baba bai saɓa ko da kwana ɗaya ba. Kowa ya ɗauko rabinsa na tulu ya sake shuka. Ni na zauna a ɗaki da tulun toka.

Da zagina aka yi da ya fi min sauƙi, don na iya ramuwa. Ba wanda ya zage ni. Sai ma gaisuwa da ta ƙaru, “Iya, ya jiki? Iya, a riƙa hutawa.” Irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka gama da shi. Ɗan nan kuwa har yau bai taɓa cewa ai na faɗa miki ba. Ko sau ɗaya. Na so ya faɗa in samu abin kamawa, ya ƙi. Sai ya kawo min iri a leda daga ofishin gona, ya sa aka shuka min gayaunar. Ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, ya ma fi gargasa cika rumbu. Amma kansa a tsiraice yake, sai an wuni ana kaɗa gwangwani ana korar jan-baki. Furarsa kuwa, ka sha ka ƙoshi, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa yin sallama ta bayan katanga saboda ita.

Da kaka ya ɗauke ni a adaidaita sahu ya kai ni asibiti a Kazaure. Ashe ya daɗe da sani, tun ranar da na miƙa wa ƙofa hannu ina tsammanin shi ne. Aka kankare yanar, ido ɗaya sannan ɗayan. Aikin bai kai daka kwano ɗaya ba. Abin da na ɓoye shekara uku ke nan.

Da ido ya buɗe, wurin da na fara zuwa Kanya Babba ne. Na ce ƙila ƙanwar nan tawa ta taɓa zarar zangarniya ɗaya a ɓoye, ai da ni ce da na zara. Ta karɓe ni da kyau, ta yanka min zabuwa. Sai da na ci na wanke hannu na iya buɗe baki. Na ce, “Ko kina da sauran gargasar Baba, ko tafi ɗaya?”

Ta dube ni. Ta ce, “Yaya, shekara arba’in kina aiko min da gero. Kin taɓa aiko wanda ba surfaffe ba?”



Ta ce, “Na ma taɓa shuka shi haka nan a bayan ɗaki, don wauta. Na yi ta ba shi ruwa. Kaji ne suka ji daɗi.” Ta yi dariya, amma ba ta kai ido ba. “Ai na ce Allah ya bar miki shi. Ya kuwa bar miki.”

Na bi kasuwanni. Na tambaya a Gwiwa, na tambaya a Babura wurin mutanen Nijar masu kawo hatsi. Wani Buzu ya yi min kirki, ya kawo min gero mai gashi daga can cikin ƙasarsu, ya ƙi karɓar ko sefa. Na murza shi a tafi, na shinshina, na tauna. Mai gashi ne, amma ba namu ba ne. Na yi masa godiya, na zuba wa tantabaru.

Bana da bazara na sake hawa dutsen. Gwiwata ce yanzu ba ta so, sai na huta sau uku. Gidan kajin ma an rufe shi, bai yi riba ba, shirwar nan ’yan gari sun watse. Na zauna inda Baba ke zama. Kwana tara ina hawa, a na goma na ga ɗigo. Sai biyu. Suka biyo bakin ruwa suka taru a kaina suna kewaye, shirwa, da shaho, da ƙananan nan masu jan fiffike, har gaggafa na gani can sama ita kaɗai. Ban taɓa ganinsu tar haka ba tun ina yarinya. Ko ɗaya bai dube ni ba.

Na sauko na wuce ta inuwar masallaci. Maza sun kewaye waya suna jin abin da aka ce game da ruwan bana. Suka ce, “Sannu, Iya, a riƙa bi a hankali, dutsen nan da santsi.” Na ce sannunku.

Ranar Juma’a ɗan nan ya zo. Ya same ni a ɗaki wannan karon, ya koyi ɗaki bayan an gama. Tulun yana nan a kusurwa, matarsa ta so ta ɗauka ta zuba daddawa na hana. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na san ya riga ya sayi irinsa, ya riga ya yi magana da masu sara, ranar ma ya sa. Amma ya sassauta murya ya ce, “Iya, sun wuce kuwa?”

Na ce, “Ba ka da rediyo ne?”